Motar da Ta Ci Sunan Ɗangiwa

Har yau a Tambuwal, in mutum ya sayo abu ya iske ruɓaɓɓe ne, ko rediyo ko keke ko akuya mai gudawa, sai ka ji wani ya ce, "Ai motar Ɗangiwa ka sawo." A yi dariya a watse. Rabin masu faɗar haka ba su taɓa ganin fuskar Ɗangiwa ba, iyayensu ma ba su isa su zauna inda yake zama ba. Duk ran da maganar nan ta shiga kunnena sai abinci ya fita raina. Shi ya sa na ce kafin in bi shi gara in faɗi yadda abin ya faru, tunda ni na kwance injin motar da hannuna, kuma ina cikin waɗanda suka ja masa.

Sunana Almu. Na yi shekara goma sha ɗaya ina tuƙa lorin hukumar En'e tsakanin Sakkwato da Yawuri, daga baya na ajiye tuƙi na buɗe wurin gyaran mota a bakin tashar Tambuwal. Ɗangiwa taubashina ne, uwata ƙanwar ubansa ce, ciki ɗaya. Wanda ya san taubasantaka ya san abin da wannan ke nufi. Tun muna ƙanana ba mu taɓa yi wa juna maganar hankali ba. Ni ina kiransa bawana, shi yana kirana bawansa, kuma har muka yi furfura ba a raba wannan gardamar ba. In na ci tuwo a gidansa sai ya ce a ƙirga ƙorai. In ya sa sabuwar riga sai in tambaye shi wa ya mutu. Ba a fushi, ba a kai ƙara, haka muka iske iyayenmu suna yi da nasu.

Dillalin dabbobi ne. Turakunsa suna gabas da kara, wato kasuwar dabbobi, ƙarƙashin wata tsamiya, kuma shekara ashirin da wani abu babu dillalin da ya kai shi cika. Ba shi da bakin dillalai, ba ya zuba, ba ya rantsuwa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga hula kullum a karkace, ga goro a kunci. Abin da ya ɗaga shi abu ɗaya ne: bai taɓa sayar da dabba bai faɗi aibinta ba. Kuma ba ya duba dabba da rana. Sai ya bi ta har turken da ta kwana, da sassafe, kafin kowa ya kwance ta. Ya sha faɗa mini cewa doki mai ɗingishi in an zagaya da shi jikinsa ya yi ɗumi, ɗingishin ɓuya yake yi, haka ma mai tari. In ya gama dubawa sai ya ɗora hannu a wuyan dabbar ya ce, "Na duba. Aibinta kaza da kaza. In kun ga wani bayan wanga, ni na." Wannan "ni na" ɗin, wato ni ne zan ɗauki nauyi, ita ce dukiyarsa. Fulani sukan koro shanu kwana biyu su wuce dillalai goma don su ɗaure a turkensa. Ba shi da gidan bene, ba shi da gona mai yawa. Sunan nan kaɗai yake da shi, kuma da shi yake ci da mutum goma sha huɗu.

Shekara biyu da samun mulkin kai, Turawa na ta tattara komatsai, kamfanoni na ta sakin tsofaffin motocinsu, ƴan kwangila na saye suna shafa musu fenti. A lokacin ne wasu manoman auduga na Kebbe, su wajen ashirin, suka gaji da jakuna. Hanyar Kebbe kowa ya san ta, yashi ne da kwazazzabai, jaki kan yini kafin ya kawo buhu biyu fulotin da ake awo. Suka haɗa ƙarfi suka ce za su sayi a-kori-kura, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Babbansu shi ne Malam Gidaɗo, dattijo mai gemu da carbi, wanda ya daɗe yana sayen shanun noma a hannun Ɗangiwa.

To ga inda wautar ta fara. Akwai makanike a garin, ga ni nan, hannuna bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba. Amma suka wuce ni suka tafi gindin tsamiya. Wai makanikai bakinsu ɗaya da masu sayar da mota. Wai wanda ya san doki ai ya san abin hawa. Shi kuma gogan naka, maimakon ya ce wannan ba fagensa ba ne, sai ya gyara hula ya ce Allah shi kai mu. Na yi masa uzuri daga baya. Mutumin da aka shekara ashirin ana gaya masa idonsa ba ya kuskure, dole wata rana ya yarda. Amma a ranar na ji haushi, ban ɓoye ba.

Mai motar wani ɗan kwangila ne daga Sakkwato, Alhaji Ɗanmaliki. Ya iso da ita da hantsi ya tsaya a bakin tasha, daidai inda ƙasa ta yi ɗan gangare, hancinta na kallon ƙasa. Bai kashe ta ba. Ya fito ya bar ta tana gurnani, yana gaisawa da mutane, yana raba goro. Koriya ce shar, sabon fenti har kan tayoyi. Gari ya taru kamar ana suna.

Na tsaya gefe ina kallon Ɗangiwa yana duba ta, kuma wallahi da ba ɗan'uwana ba ne da na yi dariya. Ya zagaya ta sau uku. Ya ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya yadda yake yi wa kofato. Ya leƙa fitilu. Ya kara kunne a jikinta yana sauraren numfashi. Ya danna bayanta da ƙarfi ya ga yadda ta ɗago. Sannan ya shiga gaba, Alhaji ya ja su har kusa da Dogon Daji suka dawo, yana ta murmushi. Duk abin da ya duba lafiya lau yake, ban musa ba. Ƙafafunta da bayanta ba su da laifi. Amma ba a nan ciwon tsohuwar mota yake zama ba.

Da aka ɗaga bonet na matsa. Abu na farko da ya ba ni tsoro shi ne tsabta. An wanke injin da kananzir tas, har an bi shi da fenti, alhali injin da ya yi aiki shekara takwas dole ya yi datti, mai wanke shi haka akwai abin da yake gogewa. Na zaro sandar auna mai, na shafa a yatsa. Kauri kamar maɗi. Wannan ba man inji ba ne, man giya ne aka ɗura don ya toshe ƙarar ƙarafan da suka cinye. Na sa tsumma na sassauta murfin lagireto a hankali, na ga ruwan yana tsatsafo da ƙananan kumfa, kuma yana da yauƙi. Na kalli gangaren da aka ajiye ta, na kalli Alhajin da ya ƙi kashe ta tun hantsi. Lissafin ya fito.

Na ce, "Ɗangiwa, a kashe ta. Ta kwana nan, gobe da sahe mu tashe ta da sanyi, sannan a yi ciniki."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi jama'a, idonsa na ƙyalli irin na wanda aka ba shi fage. Ya ce, "Ku ji bawana. Shi da ab bar tuƙi don shina tsoron gangara, shi ka son koya mani duba."

Aka fashe da dariya. Na nuna masa yatsana na ce, "Dubi man ga. Kauri garai awa maɗi."

"Ai mai kauri shi na mai kyau. Kai ka saba da tsinkakken koko gidanku."

"Ba wasa nika yi ba, Ɗangiwa. Wallahi motag ga ba ta da lahiya."

"Bara ma hakanga kac ce."

A nan ya kama ni, don gaskiya ya faɗa. Bara ɗin ya kawo wani angarman doki zai sayar wa wani attajiri, na zo da gudu na rantse masa na ga dokin yana ɗingishi a Dogon Daji. Ya ɓata rabin yini yana murza ƙafafun doki lafiyayye, ni ina bayan tsamiya ina riƙe da ciki. Duk kara ta san labarin. Shi ma ya rama, ya sa aka kwana da bunsuru a rumfar gyarana. To da wane baki zan ce yau kam da gaske nake? Irin fuskar da na sa bara ita na sa yau, irin rantsuwar ita ce. Na ja hannun rigarsa don mu keɓe, ya fizge ya ce kada in shafa masa talauci. Aka sake dariya.

Alhaji Ɗanmaliki bai ce uffan a kan lafiyar motar ba, ku riƙe wannan. Sai ya dubi agogo ya ce, "Ni dai yau nika komawa. Akwai wani da ka jirana Gusau, shi ma shina son ta."

Malam Gidaɗo ya ce mini, "Malam Almu, a bar wasan ga hakanan, muna da nisa."

Daga nan zuciya ta ɗebe ni. Na goge hannu na koma rumfata na zauna. Wannan shi ne laifina, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Uwata Na'inna tana da rai a lokacin, gwaggonsa ce, tsakanin tasha da ɗakinta bai kai tafiyar shan ruwa ba. Da na je na gaya mata, da ta aiko an kira shi, kuma maganar da ta fito daga bakinta ba zai ɗauke ta wasa ba. Na san haka sarai. Ban je ba. A raina na ce bari ya gani, bari gobe in sami abin yi masa dariya har shekara ta zagayo. Ni ma wasan nake yi, ban san na kai shi inda ba a dawowa ba.

Daga inda nake zaune na hango shi ya ɗora hannu a kan bonet. Na ji muryarsa sarai. "Na duba. Ba ta da aibu. In kun ga wani, ni na." A shekara ashirin ban taɓa jin ya ce dabba ba ta da aibu ko ɗaya ba, ko da ɗan tabo ne sai ya nemo ya faɗa. Sai a kan ƙarfen da bai san cikinsa ba.

Kwana tara ta yi. An ce ran da ta shiga Kebbe har guɗa aka yi. Direbansu Hassan ne, tsohon soja da ya koyi tuƙi a yaƙin Bama, mutumin kirki amma ba makanike ba. Tun washegari ta ƙi tashi sai da aka tura, ta tashi tana aman farin hayaƙi. Suka ce sanyi ne. Ta fara shan ruwa, tulu guda zuwa, tulu guda dawowa. Suka ce hanya ce. A rana ta tara, an lafta mata auduga har ta fi ƙarfin bayanta, ta shiga yashin wata ƙorama ta tafasa. Hassan ya ɗebo ruwan sanyi ya sheƙa mata tana da zafi. Ya ce ya ji ƙara kamar an fasa tukunya, shi ke nan ba ta ƙara motsi ba. Wasu daga cikinsu sun riga sun sayar da jakunansu. Kafin a nemo na haya a kwashe audugar, ranar awo ta wuce.

Da shanu aka jawo ta wurina. Na kwance kan injin, kuma abin da na gani har yau in na tuna sai fushi ya taso mini. Tsohuwar tsaga ce a kan injin, tsawon yatsa, an cike ta da dalma an goge an shafa fenti. A lagireto garin kuka aka zuba don ya toshe yoyo, shi ne yauƙin da na gani. Ringin fistan sun cinye har suna wasa. A ƙasa, inda ƙarfe ke juyawa kan ƙarfe, wani maras tsoron Allah ya yanka fata ya cusa don ta hana ƙara. Wannan ba aikin kuskure ba ne. Wani ya zauna da hankalinsa ya yi shi, ya wanke hannu ya tafi masallaci.

Ɗangiwa ya zo ya tsuguna kusa da ni. Na shirya maganganun da zan yaɓa masa tun kwana tara, amma da na ga fuskarsa sai na fasa. Ya sa yatsa ya bi tsagar.

"Wagga tsohuwa ta?"

"Tsohuwa ta."

"Da ta kwana, da mun gani?"

Na ce masa da mun gani. Da ta kwana, ruwa zai tsiyaye cikin injin, man ya daskare, da safe ko dai ta ƙi tashi ko ta tashi tana hayaƙi tana ƙwanƙwasa. Zafi ne ya rufa mata asiri.

Ya janye yatsansa daga tsagar. Sannan ya ce, "Awa doki." Ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi.

Washegari ya hau mota zuwa Sakkwato. Alhaji Ɗanmaliki ya karɓe shi hannu biyu, ya sa aka kawo masa fura. Da ya gama jin bayani sai ya ce, "Ni mi nic ce? Ka ji na ce lahiyatta lau? Kai kad duba, kai kac ce ba ta da aibu, gaban mutane." Kuma haka ne. Mutumin ya san aikinsa. Bai yi ƙarya da bakinsa ba, ya bar mai gaskiya ya yi masa ita kyauta.

Ran kasuwa Malam Gidaɗo ya zo kara da mutanensa. Bai ja shi gefe ba, bai nemi gida ba. A gaban Fulani da mahauta da sauran dillalai ya tsaya ya ce, "Kai kac ce in ta yi aibu kai na. To ga mu." Ɗangiwa ya ce, "Ni na, ban musa ba." Ya kwance shanunsa biyu na noma da goɗiyarsa ya miƙa musu, iyakar abin da yake da shi ke nan. Suka karɓa, kuma bai hana bakinsu ba. Kafin sati biyu magana ta zagaya cewa da shi aka haɗa baki, ya ci la'ada gaba da baya. Mutumin da ko goron ciniki bai karɓa ba a kan motar nan. Dillalan da suka shekara ashirin suna jin zafinsa su suka fi kowa yaɗawa. Na ga Bafulatanin da Ɗangiwa ya taɓa hanawa sayen saniya mai ciwon huhu ya koro shanunsa ya wuce tsamiya kamar bai san ta ba.

Bayan wata biyu sai ga Malam Gidaɗo a rumfata, da murya ƙasa-ƙasa. Wai akwai wani mai fataucin busasshen kifi daga Yawuri, Na'iya, yana neman a-kori-kura. Ya ji an ce wannan ta lalace an gyara. Ya daɗe yana sayen jakuna wurin Ɗangiwa, kuma ya ce in dai Ɗangiwa ya ɗora hannu ya ce lafiya, zai saya. Malam Gidaɗo ya ce in aka yi haka, shi da kansa zai tsaya tsakiyar kara ya ce sun binciko, dillali ba shi da laifi, a mayar masa da shanunsa. Ku ji fa. Mutanen da suka kira shi maƙaryaci don ya yi kuskure, su ne suka dawo suna roƙon ya yi ƙaryar gaske don su wanke shi. Da carbinsa a hannu yake wannan maganar.

Ni kuma na yarda. Ba zan yi wa kaina ado ba. Ina ganin turakun ɗan'uwana babu ko akuya, ina ganin matarsa Hindatu ta fara aiko wa uwata a ranta mata hatsi a ɓoye. Na ce in wannan ce hanyar, a bi ta. Kan inji sabo babu shi ko a Sakkwato, sai an aika Kano ko Ikko, kuma ko an samo, ƙasan injin ya riga ya mutu. Saboda haka na yi abin da wancan maras tsoron Allah ya yi, har na fi shi iyawa. Na sake cike tsagar, na sake yanka fata, na ɗura man giya, na aika gida aka kawo mini garin kuka. Kwana huɗu ina yi. Na je na gaya wa Ɗangiwa yadda aka shirya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce Allah shi kai mu.

Ran da Na'iya zai zo, tun da safe muka tura ta ta tashi, na bar ta tana aiki har ta yi ɗumi, hayaƙin ya ɗauke. Na ajiye ta a gangaren nan dai. Tana gurnani lafiya lau, ni kaina da ban san cikinta ba da na saya. Mutane suka taru, don kowa ya san yau ake yi ta ta ƙare. Na'iya ya zagaya ta, ya shiga aka ɗan zaga da shi, ya fito yana gyaɗa kai. Sannan ya juya ya yi tambayar da kowane mai saye ke yi a kara.

"To dillali, gaya mani aibinta."

Ɗangiwa ya matso. Ya rame, hular ma ta yi masa yawa. Ya ɗaga hannu kamar zai ɗora a bonet, Malam Gidaɗo har ya fara murmushi. Sai ya zura hannun ta taga ya murɗe makulli. Motar ta mutu.

Ya ce, "Na'iya, ni ban san mota ba. Dauri ma ban san ta ba, nic ce na sani." Ya waiwayo inda nake. "Malam Almu, taho ka gaya mai abin da kag gani cikinta. Da wanda kas saka."

Tun da aka haife ni bai taɓa kirana Malam Almu ba. Na tsaya kamar an dasa ni. Ya sake cewa, "Taho. Kai ka da sani, kuma ka hwaɗi tun ran hwarko, ni na ban jiya ba." A gaban garin Tambuwal na buɗe baki na lissafa: dalma, fata, man giya, garin kuka. Ina faɗa ina jin kamar ana tuɓe ni. Na'iya ya saurara har ƙarshe, ya yi wa Ɗangiwa godiya, ya nemi motar Yawuri ya tafi. Malam Gidaɗo ya ce, "Ka kashe mu sau biyu." Ya tattara mutanensa.

In kuna jiran in ce daga nan gari ya gane, aka dawo da shanu gindin tsamiya, to ba ku san mutane ba. Masu cewa ya ci amana suka ci gaba da cewa. Sauran suka ce ai ga shi da bakinsa ya ce bai san abin da yake dubawa ba, wa zai ƙara kai masa dabba? Na'iyan da aka tsirar ma bai ƙara sayen jaki a hannunsa ba, don babu jakin. Kafin damina ta faɗi Ɗangiwa ya tumɓuke turakunsa da kansa ya ɗauko su a ka zuwa gida, Hindatu ta yi girki da su. Ya koma ƴar gonar ubansa yana noman gero da hauya. Motar kuwa ta zauna bayan rumfata, kaji suna ƙwai a cikinta, har masu gwangwan suka zo suka yanka ta.

Da watan cika-ciki ya kama, lokacin da ɗan mace ke zuwa karɓar shara, ƴar kyautar nan ta al'ada, wurin taubashinsa, na ce yau zan dawo da shi. Kowace shekara nakan shiga gidansa ba sallama, in ɗauke masa takalmi ko hula, ya biyo ni da zagi har waje, yaran gida na ihu. Na shiga na iske shi zaune a zaure yana gyara ƙotar hauya. Na ce, "Ina bawan nan matsiyaci, mai duba haƙoran mota? Fito da sharata kafin in sa a sayar da kai."

Ya ajiye hauyar ya miƙe tsaye. Ya ɗauko tabarma sabuwa ya shimfiɗa mini. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Almu. Ina gajiya? Ina Gwaggo?"

Na ce, "Kai, gajere, ni kaka yi wa sannu?" Na fizge hular daga kansa. Na ce masa mai kan tulu. Na ce masa dillalin ƙarfe. Na tono abin da ya yi tun muna yara, ran da jaki ya kayar da shi cikin kududdufi. Duk wannan roƙonsa nake yi ya rama, ko da kalma ɗaya.

Ya tsaya da kai ba hula, ya saurare ni har na gama, yadda ake sauraren babba. Sannan ya ce, "Gaskiyakka, Malam Almu." Ya leƙa cikin gida ya ce a kawo wa baƙo ruwa.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya, ya rasu shekarar da aka raba Jihar Arewa. A shekarun nan duk abin da na faɗa masa sai ya ɗauke shi da gaske, in na ce za a yi ruwa sai ya kwashe shanya. Bai ƙara zagina ba ko sau ɗaya. Ranar nan a zaure na mayar masa da hularsa da hannuna, na zauna a kan tabarmar, na sha ruwan da aka kawo wa baƙo.